Wutar daji ta koro min dabbobin da ban san mai su ba, ya zan yi da su?

Ɗan Tarka:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san harkar bisashe ya taimaka min, abin ya fi ƙarfina. Mu muna wani ɗan ƙauye ne arewa da Dakoro in ka miƙi hanyar Bermo, to shekaranjiya bayan la'asar wuta ta tashi a dajin gabas da mu, wasu sun ce masu shayi ne suka tashi basu kashe garwashi ba wasu sun ce guntun sigari ne, Allah dai ya sani. Bana damina ta yi kyau ciyawa ta kai gwiwa kuma duk ta bushe, karangiya kuwa in ta bushe ba ta da maraba da fetur, ga iska. Muka fita manya da yara da rassan itace da jiƙaƙƙun buhunna muna ta bugu har wajen sha ɗayan dare, da ƙyar ta tsaya a bakin hanyar mota, bata shigo gari ba amma daji kam iya ganinka baƙi ƙirin.

Jiya da asuba na fito zan je masallaci sai na iske bisashe tsaitsaye a bakin rijiyar bayan gidanmu, tumaki 7 har da ɗan jinjiri ɗaya, awaki 4, jaki, da wani jan kare kwance gefensu. Ba na garinmu bane mun bi gida gida mun tambaya. Tumakin uda ne, da gani garken wani ne ya watse cikin dare.

Awakin lafiyarsu lau sai dai tari. Cikin tumakin uwar jinjirin hantsarta ta ƙone kan nonon ya yi baƙi, da ɗan ya zo zai sha sai ta shure shi, tun jiya yake kuka. Wata kuma ita ce ta fi tada min hankali, ƙafafunta huɗu duk sun ƙone, ban ma san yadda ta yi ta iso ba don tunda ta kwanta bata sake tashi ba, fuska ta kumbura ido ɗaya ya rufe, numfashi kamar ana jan zugazugi. Jakin igiyar leda ce ta narke ta manne masa a wuya. Karen tafin ƙafarsa ya saɓule in ka matso sai gurnani.

Uwargida ta tausaya musu ta zuba musu gero kusan tiya biyu jiya sun lashe tas. Na kira malamin dabbobi a Dakoro yace sai jibi zai samu zuwa don ba mu kaɗai bane wutar ta taɓa. To kafin jibin me zan shafa musu, me zan basu, kuma wadda ta kwanta ɗin ya halatta in yanka ta tunda ba tawa bace? Inna kuma ta dage sai na kori karen.

Baban Kalifa:

Wslm. Kai malam ai abin bai kai haka ba, samu baƙin mai na mota ka shafe wajen ƙunar, mu haka muke wa shanun huɗa in sun ji ciwo ƙuda ma baya sauka. ko makilin in akwai. Wadda ta kwanta kuma a sa mata wuƙa tun bata zama mushe ba, rabon yara ne ya tsaga. kare kam Inna ta fi ka gaskiya a kore shi kafin ya ciji wani.

Malamin Tike:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ni aikina kenan duba dabbobi, a ɓangaren Katsina nake. Baban Kalifa ka yi haƙuri amma baƙin mai da makilin kar a kusanta su, baƙin mai guba ne dabba za ta lashe shi kuma ya toshe ciwon ya ruɓe ta ƙarƙashi kai kana ganin kamar ya bushe.

Abin da ya fi gaggawa ma ba ƙunar bace, geron nan ne. Tumbin tunkiya da akuya da ciyawa ya saba, in ta kwana da yunwa ka cika mata shi da tsaba lokaci ɗaya sai ya yi tsami a ciki, cikin yini ɗaya ko biyu ka ga ciki ya kumbura, zawo mai tsami, tana tangaɗi, wata ta faɗi kenan. Na sha ganin rago ya tsira daga doguwar tafiya ya zo ya mutu a gidan mai tausayi. To tiya biyu ga dabba goma ba lallai ta kashe ba amma ka san ba daidai suka raba ba, akwai mai haɗama a ciki, ita za ka sa wa ido. Daga yau a tsayar da gero da dawa, a basu harawa ta wake ko ta gyaɗa da kara da 'ya'yan gawo in kuna da shi, a ajiye musu 'yar kanwa su lasa. Dusa sai bayan kwana uku kuma tafi ɗaya ɗaya. Ruwa kuwa kar ya yanke, ka lissafa kamar bido uku masu lita 25 a yini don jakin shi kaɗai zai iya shan kusan lita 20, kuma dabbar da ta ƙone jikinta na zubar da ruwa ta wajen ciwon.

Ƙuna: sanyaya ta da ruwa na minti 20 yana aiki ne a awannin farko, wannan ya wuce. Yanzu wanki ne, a tafasa ruwa ya huce a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, a wanke a hankali safe da yamma, a shafa man ƙuna na farmasi irin su Dermazin, in babu to zuma tsantsa wadda ba a haɗa da sukari ba. A ajiye su a inuwa kan yashi mai laushi, ci da sha kusa da bakinsu kar su yi tafiya.

Abin da mutane basu sani ba shi ne ɓarnar wuta ba rana ɗaya take bayyana ba. Waɗanda kace lafiyarsu lau ɗin kullum ka ɗaga ƙafarsu ka dubi daidai inda gashi ya haɗu da kofato, in wajen ya fara tsagewa yana ruwa to kofaton na iya cirewa ko bayan sati biyu. Tarin ma haka, hayaƙi na iya komawa ciwon huhu bayan kwanaki, in kaga majina mai kauri da zazzaɓi a gaya wa malamin.

Wadda ta kwanta, gaskiya ɗaya ce. Ƙafa huɗu, fuska a kumbure, numfashi da ƙyar, irin wannan ba ta tashi, barinta azaba ce kawai. Maganar halacci na bar wa malamai, amma ta ɓangarena in za a yanka to a yanka da wuri kuma KAR a fara yi mata allura. Allurar nan ta LA, wato maganin ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, da kowa ke saye a kasuwa in ta shiga jiki sai an jira kusan sati huɗu kafin a ci naman, yana nan a rubuce jikin kwalba, mutane sai su yi allura da safe su ga ba sauƙi su yanka da yamma, an yi asarar magani an kuma ci magani. In an feɗe aka ga naman ya canza launi ko yana wari a binne shi.

Jinjirin ka duba cikin awakin ko naku na gida ko akwai mai nono, a riƙe ta ya sha ko a tatsa a bashi da ɗumi a kwalba sau huɗu a rana kaɗan kaɗan, yana tsaye, kar a kwantar da shi rigingine kamar jariri zai shaƙe. Uwar kuma a riƙa tatse ta a hankali kar hantsar ta sanƙare.

Jaki mugun mai ɓoye ciwo ne, zai tsaya shiru kace lafiya. Kar a fizge ledar, a yanke abin da ya yi lilo a bar wanda ya manne sai malamin ya zo, kuma ka tuna masa allurar tetanus don jaki da doki sun fi kowa saurin kamuwa da shi. In ya ƙi cin abinci yini guda wannan babbar magana ce a jaki, kar a jira. Kuma ba amalanke ba ɗaukar ruwa sai ya yi kamar wata guda.

Karen a tura masa ruwa da tuwo daga nesa, a hana yara zuwa wajen. Kar a bashi magungunan ciwon jiki na mutane, diklofenak da ibufurofen suna huda cikin kare su lalata ƙoda, farasitamol kuma kyanwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Diklofenak ɗin nan shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har suka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, mu nan ana ta zuba shi ba ruwan kowa. In tsautsayi ya sa ya ciji wani a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a tafi asibiti ranar, ba a wasa da haukan kare.

Na ƙarshe kar ka haɗa su da naka na gida, turke daban kwano daban har sati uku, baka san me suka ɗauko ba, musamman ciwon nan mai zawo da majina da ke share awaki.

Ɗan Tarka:

Na gode malam Allah ya ƙara sani. Wlh har na aiki yaro wajen mai injin niƙa neman baƙin man na kira shi ya dawo. Akuya ɗaya cikinta ya ɗan tashi na ware ta. Saura maganar yankan.

Almajirin Zaure:

Ni ba mai fatawa bane, abin da muka karanta a gaban malamai zan faɗa, ka kuma tuntuɓi limaminku. An tambayi Annabi (SAW) game da ɓatacciyar tunkiya ya nuna a ɗauke ta, don ko taka ce ko ta ɗan'uwanka ko ta kyarkeci, raƙumi ne aka ce a bar shi tunda yana ɗauke da ruwansa yana cin itace har mai shi ya same shi. To kama su da ka yi daidai ne. A Risala an ce wanda ya tsinci tunkiya a dokar daji inda ba kowa yana iya ci, amma kai a bakin rijiyar gari ka same su kuma wutar shekaranjiya ce, mai su bai yi nisa ba, wataƙila yanzu haka yana can yana bin toka yana neman sawu. Don haka amana ce a hannunka ba rabon yara ba kamar yadda wani ya faɗa a sama, sai cigiya.

Yankan kuma akwai hadisin baiwar Ka'abu ɗan Malik da ke kiwo a Sal'u, ta ga tunkiya za ta mutu ta fasa dutse ta yanka ta, aka tambayi Annabi ya ce a ci. Ka ga ita ma ba tata bace. Abin da zan ƙara shi ne kar ka yi kai kaɗai, duniyar yanzu sai da shaida. Ka kira mai gari ko wakilinsa da mutum biyu su ganta da ranta, ka ɗauki hoto da waya, a yanka a gabansu, mahauci ya yi wa naman kuɗi a ajiye wa mai ita kuɗin a hannun mai gari. Fatar da kai da kunnuwa kar a yar, a sa gishiri a shanya, ita ce hujjarka ranar da ya zo. Abin da ka kashe na harawa da magani shi ma ka rubuta, in ka ga dama ka karɓa in ka ga dama ka yafe amma dai a san shi.

Karen kuma ka lallaɓi Inna. Ba wanda yace a shigar da shi ɗaki, amma karen kiwo an yi izinin riƙe shi, kuma kowa ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa da huffinsa. Wannan da ƙafa a saɓule ya biyo garkensa cikin wuta bai gudu ba, a ce sakayyarsa jifa?

Maman Ilham:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya bada lada. Ni ina Los Anjalis ne a Kalifoniya kuma labarinka ya tuno min da watan Janairun 2025. Ranar 7 ga wata iskar nan da suke cewa Santa Ana ta taso, busasshiya ce kamar hunturunmu sai dai ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, wuta ta kama a unguwar Palisades da rana, da daddare kuma wata ta taso daga kwarin Eaton ta sauko wa garin Altadena, can kaɗai gine-gine sama da 9,000 suka ƙone. Gidan kula da dabbobi na Pasadena Humane cikin 'yan kwanakin farko sun karɓi dabbobi fiye da 400, karnuka da kyanwoyi har da tsuntsaye da awaki, dawaki da jakuna kuma aka kai su babban filin dawaki na wajen Burbank ɗaruruwa. Gsky da farko haushi abin ya bani nace mutane sun rasa muhalli ana ta kukan mage, sai da wata abokiyar aikina dattijuwa da gidanta ya ƙone ta roƙe ni in riƙe mata kyanwarta don inda ta samu mafaka ba a yarda da dabba ba. Kwana huɗu kyanwar nan tana ƙarƙashin gado bata fito ba sai dare, ni kuma ina ta fushi ina cewa butulu, ashe tsoro ne. Matar kuwa kullum sai ta kira, ba ta tambayar komai sai ta ci abinci? Abin da ya rage mata kenan a duniya. Su nan tun bayan guguwar Katrina ta 2005 da mutane suka ƙi barin gidajensu saboda dabbobinsu aka yi doka a 2006 cewa shirin kwashe mutane dole ya haɗa da dabbobin gida.

Abu biyu na koya da za su yi maka amfani. Toka, a goge musu jiki da jiƙaƙƙen tsumma musamman karen don lasar jikinsa zai yi ya haɗiye. Sai maganar cigiya, nan yawancin dabbobi akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata da ake karanta lambar mai su, masu dawaki kuma da wuta ta matso sai su rubuta lambar waya a kofato ko a jikin dokin su sake shi, kuma ana gargaɗi a cire duk wani abin leda a kansa don narkewa yake, kaga abin da ya samu jakinka kenan. Ku can shaidarku tsagar kunne ce da lalas. To in za ka sa hoto a WhatsApp ko ka bada sanarwa a rediyo kar ka faɗi komai da komai, kace an tsinci tumaki da awaki da jaki a wuri kaza, adadi da irin tsagar kunnen ka riƙe a cikinka, wanda ya zo shi zai faɗa. Nan ma an yi masu zuwa karɓar karen da ba nasu ba balle tumaki ana tunkarar rani.

Zango Boy Tamale:

Allah shi kyauta. Mu nan arewacin Gana kowace shekara in hunturu ya shiga haka muke fama, yawanci masu farautar gyazbi da gafiya ke sa wutar, don nama ɗaya a ƙone dajin gari guda. Tsofaffinmu har yau suna maganar 1983, fari ga wuta ta cinye gonakin koko da abinci ga kuma mutanenmu da aka koro daga Najeriya shekarar, yunwa ta yi yunwa. A 1990 aka yi dokar hana ƙona daji har da 'yan sa kai na kashe wuta a ƙauyuka amma dai kun san doka a takarda.

Abin da zan ce maka ba tumaki kaɗai wuta ke korowa ba. Macizai da kunamu su ma gari suke yi, kuma inda ka tara harawa da kara nan za su shiga. Kar yaro ya sa hannu cikin tarin harawa da duhu, a ɗaga da sanda a haska tocila, a sa takalmi. In kun ga bushiya ko zomo ko zabin daji sun raɓe a gefen gari ku ajiye ruwa a kasko ku bar su, kar yara su bi su da gora.

Baban Kalifa:

To malamai na ji na janye baƙin mai. amma fa mu shekara da shekaru muna yi shanun basu mutu ba. Maganar kare dai ina nan kan bakana, in ya ciji yaro duk masu hadisin nan ba wanda zai biya kuɗin allura.

Ɗan Tarka:

Jama'a ga yadda aka ƙare zuwa yau, kwana tara kenan. Tunkiyar mun yanka ta a ranar gaban wakilin mai gari da liman, huhunta da muka gani baƙi ne sosai muka yar, naman mahauci ya saya jika goma sha biyu kuɗin na wajen mai gari. Malamin dabbobi ya zo ya cire ledar ya yi wa jakin allura. Akuyar da cikinta ya tashi ta yi zawo kwana biyu ta warware.

Na bada cigiya a rediyo da wajen arɗo yadda Maman Ilham tace ban faɗi adadi ba, kuma wlh mutum biyu suka zo, ɗaya yace tumakinsa goma sha biyar ne farare, na ce Allah ya bayyana maka su. Shekaranjiya sai ga wani saurayi Bafillace a ƙafa leɓensa duk ya fashe, tun kafin ya gama sallama karen nan da ko tashi baya yi ya ja jiki yana ɗingishi ya je ya kwanta kan ƙafarsa. Duk da haka na tambaye shi tsagar kunne ya faɗa daidai, hagu, biyu. Yace garken babansa ne sun kai sittin, ya samu ashirin da wani abu a wurare uku, wasu ya gansu a ƙone a turke don ƙananan a ɗaure suke ba wanda ya samu sukunin kwance su. Na nuna masa fatar ya juya ta ya juya bai ce komai ba. Kuɗin harawa yace zai bar min akuya ɗaya nace a'a, muka yi ta ja har liman ya raba mu a kan in ta haihu ɗan nawa ne.

Bai tafi da su ba don can ba abin da za su ci, toka ce har inda layin tare wuta da aka share bara ya tsaya, bayansa ne kawai ciyawa ta tsira kuma kowa can ya nufa. Ya tafi da awakin da tumaki uku, ya bar min jakin da mai hantsar da ɗanta da wata ɗaya da jiya na ga kofatonta na baya ya fara tsagewa daidai inda Malamin Tike yace. Karen ma yana nan, Inna ce ke zuba masa ƙanzo yanzu amma tace kar in faɗa wa kowa.

Malamin Tike in kana kusa, ƙafa ɗaya ce kawai ta tsage sauran ukun lafiya, a naɗe ta da tsumma ko a bar ta a buɗe? Kuma damin harawa har ya fara tashi a nan, in na haɗa da ƙaiƙayin gero da dusa zai riƙe su?